WA YA CE ƊAN BENCIN BAYA DAƘIƘI NE?



Maganar da na zo da ita yau na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman tsofaffin malamanmu da waɗanda suka saba zuwa na ɗaya a aji. Sai dai su yi haƙuri. Sana'ata magana ce a gidan rediyo, wanda kuwa ya saba da makirfo ba ya iya ganin abu ya haɗiye. Makarantar boko a Nijar, yadda aka gaje ta daga Faransa kuma aka ci gaba da riƙonta, mudu ɗaya ta sani. Za ta tara yara saba'in ko tamanin a ɗaki guda, kowa da halinsa, kowa da baiwar da Allah Ya yi masa, ta auna su duka da mudun nan. Wanda ya cika shi ta ce mai ƙwaƙwalwa ne, wanda bai cika ba ta ce daƙiƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda suka fito daga cikinta, har da waɗanda ta wulaƙanta, sun ɗauko mudun sun taho da shi gida. Da shi suke auna junansu har yau, da shi kuma suka fara auna ƴaƴansu.

Ƴan'uwanmu na Kamaru da Chadi sun san tsarin, amma saboda na Najeriya da Ghana bari in ɗan fayyace. A wurinmu yaro yana yin shekara shida a firamare, huɗu a kwaleji ya zauna jarrabawar BEPC, sannan uku a lise ya zauna BAC. Kowane aiki bisa 20 ake ba shi maki. Kowane darasi da nauyinsa, a ninka, a tara, a raba, a fitar da abin da muke kira muwayen. Goma ita ce iyaka. Idan kana sama da ita kai mutum ne. Idan ka yi ƙasa ka maimaita aji, idan ka sake faɗuwa a sallame ka daga makarantar gwamnati, iyayenka su nemi kuɗin mai zaman kanta idan suna da shi. A lise kuma ake raba yara gida-gida: C ta masu lissafi, D ta masu kimiyya, A ta adabi da harsuna. A takarda duka BAC ce. A bakin jama'a kuwa kowa ya san yadda ake faɗa, ƴan C su ne masu kai, ƴan D sun biyo baya, ƴan A gudun lissafi ya kai su. Ƙarshen kowane zango a jera yara daga na ɗaya har na ƙarshe, a rubuta wa kowa matsayinsa a takardar da zai kai wa mahaifinsa. A lisen da na yi a Damagaram babu darasin zane, babu na kiɗa, babu wurin aikin hannu. Wasan motsa jiki ne kaɗai, shi ma nauyinsa bai taka kara ya karya ba.

To ga mutanen da aka auna da wannan mudu.

Akwai wani da ke zama bencin ƙarshe, jikin taga. Aljihunsa kullum cike da guntayen waya, ƙananan kusoshi da matattun batura. Ba ya surutu, ba ya faɗa, idan aka yi masa tambaya da Faransanci sai ya yi ta kallon ƙasa. Muwayen ɗinsa tsakanin 7 da 8 take yawo. Malamin kimiyyar lantarki zai zana layukan wuta a allo ya ce a lissafa, yaron nan ba zai iya rubuta layi biyu daidai ba. Amma ranar da rediyon malamin ya daina magana, wa aka ba? Shi. Da fankar ofishin makaranta ta tsaya, shi aka kira daga aji ya kwance ta ya ɗaura. A ɗakinsa na zaure ya haɗa wata ƴar na'ura da tarkacen tsofaffin rediyoyi, ya ɗaura waya a kan gora, idan ya sa kaset gidaje huɗu ko biyar na maƙwabta suna kamawa a FM. A ɗakin nan na fara jin muryata ta fita ta rediyo, shekaru kafin in san ƙofar makarantar aikin jarida.

An sallame shi a aji na biyu na lise. A takardar aka rubuta ba ya ƙoƙari. Yau yana da tebur da rumfa a kasuwa, yana gyaran wayoyin salula, da yara huɗu masu koyo a ƙarƙashinsa. Idan na'ura ta gagari masu takarda a wasu ma'aikatu, ta ƙofar baya ake aikawa a kira shi, ya gyara, a ba shi jaka biyu ko uku kamar ɗan dako, mai takardar ya sa hannu a rahoto. Wani zai ce ai ga shi yana cin abinci, me ya rage? Abin da ya rage shi ne yaron da ya haɗa tashar watsa magana yana da shekara goma sha bakwai, ba tare da littafi ko malami ba, bai kamata iyakarsa ta zama canza gilashin waya ba. Abin da hannunsa ya riga ya gane, da an sami mai yi masa bayaninsa da harshen da yake ji, a wurin da akwai kayan aiki, da lissafin ma ya shiga. Na san akwai lise ta fasaha ta Dan Kasawa a Maradi, akwai kuma cibiyoyin koyon sana'a. Amma makaranta ba ta taɓa nuna masa hanyar can a matsayin girmamawa ba. A idon mutane, sana'a wurin da ake jefa wanda boko ya ƙi ne.

Sai wata yarinya a layi na uku. Ita kaye mai shafi ɗari biyu take saye, ta cika shi da labari da Hausa. Littattafan Kano suna shigo mana ta hannun ƴan kasuwa, na su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, ta karance su, ta ce ita ma za ta iya. Kuma ta iya. Kayenta yana yawo a ƙarƙashin benci daga hannu zuwa hannu, mata su gama maza su karɓa suna cewa wai ƙannensu za su kai wa. Ta san inda za ta tsaya da labari, daidai inda ran mai karatu zai tashi, sai an haɗa mata kuɗin sabon kaye da bik kafin ta ci gaba. Ba wanda ya taɓa koya mata ƙa'idar rubutun Hausa ko ta minti biyar. Da kunne take rubutu.

A lokacin nan kuma ana koya mana littafin Mariama Bâ, ƴar Senegal, wanda ya fito a 1979, labarin mace da kishiya da takaba. Muna haddace sharhin da malami ya yi a kansa don mu mayar masa ranar jarrabawa. Ga yarinya a cikin ajin tana rubuta irin wannan rayuwa daga abin da take gani a gidajen Birni da Zango, da harshen da matan suke kuka da shi, amma makinta na Faransanci 6 ne bisa 20, saboda haka ba ta iya rubutu ba. Ranar da mai kula da ladabtarwa ya kama kayen, a gaban aji ya yayyaga shi, ya ce da wannan shirme za ta ci BAC? Ba ta ci ba. An yi mata aure a shekarar, kuma rabonta da rubuta labari tun ranar da aka yaga wancan. Balaraba Ramat an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ta dawo daga baya ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, har aka fassara shi zuwa Ingilishi a 2012. Ita ta sami kasuwa da masu karatu da ƙungiyoyin marubuta a Kano da suka riƙe ta. Tamu me ta samu? Tun 2016 sashen Hausa na BBC yake gasar Hikayata ta mata zalla, duk shekara idan na ji an buɗe sai na tuna da ita. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a nan Damagaram. Sama da shekara hamsin ana gwaji! A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, madalla, amma ni ba zan yi guɗa ba sai ranar da yarinya irin wannan za ta miƙa labarinta ga malami a ba ta maki a kai.

Na uku shi ne wanda ya fi kowa shan horo a ajinmu. Laifinsa kwaikwayo. Babu malamin da bai iya muryarsa da tafiyarsa ba. Zai yi maka Hausar Adar, ya juya ta Gobir, ya koma yadda Bazabarme yake ciniki a kasuwa, ya rufe da mai karanta labarai na Muryar Sahel, duk a numfashi guda. Idan malamai suna yajin aiki, kuma sau da yawa suna yi, shi ke riƙe aji awa biyu ba wanda ya fita. Ni da na yi difloma a aikin jarida, na san abin da nake faɗa. Abin da ake wahalar koya wa mai gabatar da shiri, wato sauraren yadda mutane ke magana, sanin lokacin da za a ja da lokacin da za a saki, riƙe hankalin mai sauraro, shi da shi aka haife shi. Ƙasar da ta san Yazi Dogo, malamin makaranta da wasan kwaikwayonsa na Hausa ya shiga kowane gida ta rediyo da talabijin, ita ce ta rasa abin da za ta yi da wannan yaro sai sa shi sharar fili. Labarinsa na ƙarshe da ya iso mana, ya bi ta Agadas ya shiga Libiya, yana aikin gini.

Akwai ɗan ƙauye daga wajen Magarya da ke zaune gidan mai masauki, wanda ko ƴan tarminal ba sa yarda su kama kokawa da shi. Akwai mai zana fuskar mutum da bik cikin minti biyar. Akwai wata da duk wanda ya kwanta ciwo ita ke bi benci-benci tana tara dala-dala a kai masa, idan biyu suka yi faɗa ita ke shiga tsakani, kuma ana jin maganarta. Wannan hali shi ake nema a shugaba, amma babu gurbinsa a takardar sakamako. Abin da aka rubuta mata kawai shi ne yawan surutu.

Kada a ce ina hassadar masu ƙoƙari. Na ɗayan ajinmu mutumin kirki ne, kuma da guminsa ya samu. Ƙarƙashin fitilar titi yake kwana da kaye saboda babu wuta a gidansu. Amma shi ma mudun bai bar shi ba. Yana son ɗinki kamar ransa, idan ya ga riga sau ɗaya zai faɗa maka yadda aka yanka ta, sai dai ba ya yarda a sani, don ɗan C ba ya zama tela. Ya ci BAC, ya yi jami'a a Yamai, ya yi bautar ƙasa, ya shekara da shekaru yana koyarwa a matsayin ɗan kwantaragi yana jiran albashin da ba ya zuwa kan lokaci. An koya masa tun yana yaro cewa darajarsa ita ce lambar da ke gaban sunansa, ranar da lamba ta ƙare sai ya rasa inda zai dafa. Alphadi kuwa da allura da zare ya kira duniya cikin hamada kusa da Agadas a 1998, ya kafa bikin FIMA.

Tunda na ambaci Alphadi, mu tsaya mu yi lissafi, tunda lissafi ake so. Su wa suka fitar da sunan Nijar waje? Lambobin Olamfik biyu ƙasar nan take da su. Issaka Daboré ya ciwo tagulla a dambe a Munich a 1972. Sai bayan shekara 44 Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciwo azurfa a taekwondo a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, kuma a Jamus ya sami horon da ya kai shi can. Oumarou Ganda, tsohon soja da ya yi yaƙin Indocin ya kuma yi dako a tashar jirgin ruwa ta Abijan, shi ya fara ɗaukar babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Moustapha Alassane makanike ne kafin ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka. Bombino ɗan Agadas ya shiga jerin ƴan takarar kyautar Grammy a 2019. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga salula zuwa salula a Sahel har wani Ba'amurke ya ji ya nemo shi. A cikin gida kuma, tun da aka fara gasar takobin kokawa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maradi ya ɗauka, babu abin da ke tsayar da ƙasar nan cak kamar ita. Ranar wasan ƙarshe ko kasuwa ba ta ci sosai, manyan ma'aikata masu digiri suna manne da rediyo suna jiran su ji ko Issaka Issaka ya sake kayarwa.

Ban ce waɗannan mutane ba su shiga aji ba, ban kuma ce ilimi bai amfane su ba. Abin da na ce shi ne abin da ya ɗaukaka su ba ya cikin abin da takardar sakamako take aunawa. Kuma ku duba da kyau, yawancinsu sai da wani daga waje ya tafa musu sannan muka ji ana cewa ɗanmu ne.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su daga masu bugo waya.

Ta farko, ƙasar da yara ke karatu a rumfar kara ita za a ce ta sayi ganga da fenti? Wannan magana tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Ba mu manta da gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai a watan Afrilun 2021 ba, inda yara kimanin 20 suka rasu a azuzuwan kara, ko ta Maradi a watan Nuwamba na shekarar, inda fiye da 20 suka tafi. Allah Ya jiƙansu. Gina aji ya fi komai gaggawa. Amma a gaya mini, nawa ne kuɗin barin yarinya da kayenta ba a yaga ba? Nawa ne kuɗin filin kokawa, in ban da yashi mota guda, a ƙasar da yashi ke shigo mana har cikin ɗaki? Nawa ake kashewa idan malami ya ce wa mai kwaikwayo ranar Juma'a ka shirya mana wasa na minti goma a kan darasin tarihi? Talauci ya hana mu abubuwa da yawa, amma ba shi ya sa ake kiran yaro jaki a gaban ƴan'uwansa ba. Wannan raini ne, kuma raini kyauta ake yin sa. Sannan ƙasar ba ta fi yau arziki ba lokacin da ake bikin matasa na ƙasa a zamanin Seyni Kountché, ana zagayawa da shi jiha-jiha, samari da ƴanmata suna gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo da wasanni. Kowa da ra'ayinsa a kan mulkin soja na wancan lokaci da abin da ya nufa da samariya, amma gidajen matasa da ya bari suna nan, iyayenmu kuma har yau suna tuna wanda ya wakilci garinsu.

Ta biyu ita ce ta iyaye: waƙa da ƙwallo ba sa ciyar da gida, takarda ita ce madogara. Ina girmama tsoron uba, don shi ya san abin da ya sayar ya sayi kaye. Amma mu faɗa wa juna gaskiya a kan takardar. A shekaru da dama waɗanda ke cin BAC a ƙasar nan ba sa kai kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka zauna. Wannan ma bayan an zubar da dubbai a hanya tun daga kwaleji. To sauran fa? Makaranta ta riƙe yaro shekara goma sha uku, ta hana shi gona, ta hana shi zama gaban maƙeri ko tela lokacin da hannunsa yake ɗanye, ta sake shi yana da shekara ashirin ba takarda ba sana'a, da tabo a zuciya cewa shi ba ya ja. Mafi yawan yaran da ke shiga lise wannan ce makomarsu. Tsarin da ke yi wa mafi yawa haka shi ne ake kira madogara? Duk wanda ya kalli fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya ga samarin Kara-Kara da ƙungiyoyinsu na palais, ya ga ƙarfi da kuzari da biyayya ga shugaba da ba su sami inda za a zuba su ba sai ɗaga ƙarfe da faɗa da safarar man fetur. Da yawansu ma ba su taɓa samun shiga ajin ba. Waɗanda suka shiga aka koro, a fada ɗaya suke shan shayi da su.

Akwai ta uku da ba a cika faɗa da ƙarfi ba, amma tana nan: ɗan gidan mutunci ba ya kiɗa, wannan aikin maroƙa ne, ƙira ta maƙera ce, kokawa ta ƴan ƙauye. Wato boko ya zo ya tarar da namu rainin, suka ƙulla abota. Mutumin da zai hana ɗansa taɓa kalangu shi ne zai yi wa makaɗi liƙi ranar bikin ƴarsa har aljihu ya bushe. Wanda ke da uzuri na addini a kan kiɗa na fahimce shi, ban kuma zo yin fatawa ba, ba fagena ba ne. Amma gyaran rediyo fa? Ɗinki fa? Rubuta labari, zanen gini, gudu, sasanta mutane? Wane malami ne ya haramta su?

Ta huɗu ita ce ta fi ba ni dariya: wai baiwa ba ta ɓuya, mai rabo zai fito ko ta halin ƙaƙa, ga Mdou Moctar nan. Wannan lissafin wanda ya ƙirga waɗanda suka haye kogi ne ya manta da waɗanda ruwa ya ci. A ajinmu kaɗai na lissafa muku mutum shida. Ku ninka da azuzuwan Maradi da Tawa da Doso da Difa, shekara bayan shekara.

Yanzu in zo kan waɗanda na fi nufi da wannan rubutu, wato tsofaffin ɗalibai. Kusan kowane aji yanzu yana da zaurensa a WhatsApp, wasu har da amikal mai shugaba da ma'aji. Ku shiga ku ga yadda ake gaisuwa. Wanda ya zama jami'in kwastan ko darakta ko ya shiga siyasa, ko tari ya yi sai an sami mutum talatin masu yi masa sannu, ranka ya daɗe, Ekselans, shugaba. Matarsa ta haihu, saƙo ɗari biyu. Mahaifiyar mai gyaran waya ta rasu, mutum uku suka ce Allah Ya jiƙanta, aka ci gaba da turo hotunan barka da Juma'a. Waɗanda aka sallama kafin tarminal sau da yawa ba a ma sa su a zauren, wai ba ƴan shekararmu ba ne tunda ba su zauna BAC da mu ba. Shekara shida kuna cin ƙosai a takarda ɗaya, amma ba ɗan shekararku ba ne! Ranar taro kuma a jera kujeru, masu mota a gaba, masu kabu-kabu a baya. An sake jera aji ke nan daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, lambar ce kawai ta tashi daga muwayen ta koma albashi. A tara kuɗi masu yawa a yi anko, a yanka raguna, a ɗauki hoto, a watse. A wurin ne kuma za ka ji wani yana ba da labari cikin alfahari cewa ya fasa wa ɗansa ƙwallo, ko ya ƙona wa ƴarsa littafin zane, saboda ta sauko daga ta uku zuwa ta tara.

Su malamai na yi musu uzuri rabi. Mutum ɗaya a gaban yara tamanin, albashi a makare, manhaja a wuyansa dole ya gama kafin jarrabawa, shi ma da mudun aka auna shi. Amma ku fa? Kun zauna benci ɗaya da mutanen nan. Kun karanta kayen yarinyar nan kuna roƙon ta ci gaba. Kun yi dariyar mai kwaikwayo har da hawaye. Kun kai wa ɗan bencin baya rediyon gidanku. Ba wanda zai ce muku daƙiƙai ne ku yarda, don gani ya kori ji. To me ya sa kuke yi kamar kun yarda?

Ga abin da nake nema, kuma ba sai an jira minista ba. Kowace amikal ta nemo waɗanda aka sallama a hanya ta mayar da su cikin zaure, da sunansu, ba a matsayin abin tausayi ba. Kuɗin anko na shekara guda a raba shi biyu, rabi a kai tsohuwar makaranta: akwatin kayan gyaran lantarki, keken ɗinki biyu, yashin kokawa, takardu da kyautar gasar gajeren labari da Hausa da Faransanci da duk harshen da yaro ya iya. A yawancin ranaku da azahar an tashi, azuzuwa suna nan a rufe har dare. Wanda zai koyar da yamma ba sai an ɗauko shi daga Yamai ba, yana nan kasuwa a rumfarsa, ku biya shi kamar yadda za ku biya mai digiri, ku gabatar da shi ga yara da sunan malam. Shugabannin makarantu kuma su daina karanta matsayin yara a bainar jama'a, a ba kowa makinsa a hannunsa, a ƙara layi ɗaya a takardar inda malami zai rubuta abin da yaron nan ya iya, ko da ba ya cikin manhaja. Uban da ya buɗe takarda ya ga 8 bisa 20, ya kuma ga an rubuta ɗanka ya gyara fankar makaranta, ba irin dukan da zai yi ba ke nan.

Wanda yake ganin ba haka ba ne, fili a buɗe yake, ya rubuto amsa da hujjarsa zan karanta har ƙarshe. Sai dai kada ya turo mini takardar sakamakonsa ta tarminal. An riga an karanta mana ita a gaban aji.